Tubali a Sama

Shekara tara ina jifa yana cafewa,
ni a ƙasa, ƙafa cikin kwaɓi,
Sallau a bisa katanga,
can lungun bayan Ƙofar Guga.
Bai taɓa ce mini "jeho" ba.
Kafaɗarsa ke magana:
kafin ta gama sauka, tubali ya bar hannuna.
Ban san sa'ad da nake niyya ba.
Ido ya aika, hannu ya amsa,
ni kuwa sai daga baya labari ke iso mini.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni
aka kawo Ilu, ƙato, damtse kamar taɓarya.
Kafin azahar tubali bakwai sun rushe,
na takwas ya sami Sallau a ƙirji.
Da la'asar ya leƙo ɗakina yana shafa wurin:
"Yaron nan da ƙarfinshi yake jifa.
Kai da hannuna kake yi."

Na daɗe ina juya maganar kamar waina a tanda.

Bara, yana alwalar asuba, buta ta suɓuce,
ɓarin dama ya yi shiru.
Likitar, wata 'yar siririya mai tabarau,
ta zana kan mutum a bayan takardar magani,
ta ce ƙwaƙwalwa ba ta gina bango
tsakanin gani da yi.
Wurin da ke farkawa in ka miƙa hannu
yakan motsa in ka ga wani ya miƙa nasa.
"Ku riƙa kai shi ya ga aiki."
Tabawa ta ja tsaki a hanyar gida:
wane irin magani ne wannan, ko allura babu?

Mun dai kai shi.
Kujerar roba, inuwar darbejiya,
hannun a kan gwiwa kamar baƙon da ba a yi wa maraba ba.
Yanzu ni ne a bisa, Ilu a ƙasa.
Shi ya koyi kafaɗata ko ni na koyi numfashinsa,
Allah masani.

Sati na uku, ranar Laraba,
tubali ya taso yana juyi a hankali,
ya kai wurin nan da yake tsayawa cak,
ƙiftawa ɗaya,
ba na mai jifa ba, ba na mai cafewa ba.
Ban san me ya ja idona ƙasa ba.
Yatsu uku na hannun da muka fid da rai
sun buɗe,
sun jira,
sun rufe a kan iska.

Tubalin ya wuce kunnena,
ya fashe a bayan katanga, kaji suka watse.
Ilu ya ɗaga kai: "Maigida, lafiya?"

Sallau na dariya da rabin baki,
yana jawo kalma kamar guga daga rijiya mai zurfi:
"Ka... makara.
Ni... na kama."