Kwatar Juyi

Ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan bokiti da tsumma,
a gidanmu na dutse mai launin toka a Aberdeen,
wani abu ya fara ƙirga dare.
Ɗis.
Ya yi shiru kamar mai tunani.
Ɗis.

Na durƙusa da gwiwar shekara saba'in da ɗaya,
na haska tocila.
Makunnin ruwan gida ne, na tagulla, ya yi kore,
ƙwalla na taruwa a wuyansa,
ta kumbura, ta yi nauyi, ta saki.

Shekara arba'in ina shan ruwan gidan nan,
ban taɓa tambayar ta ina yake shigowa ba.
Elspeth ce ta sani.
Ita ce mai sifana da gwangwanin ƙusoshi,
ni nawa shayi, jarida, da ba da shawara.
Bara da sanyi muka kai ta makwanci,
ta tafi da taswirar gidan a cikin kanta.

Na tara kwanon gasa burodi, ya cika kafin gari ya waye.
Na tara tukunya. Da yayyafi kogi kan cika.
Ranar Talata na ce ai ni ma da hannu,
na kama makunnin na murɗa. Ya ƙi.
Na ƙara ƙarfi, ya yi kukan tsohuwar ƙofa,
ɗigo ya zama zare.
Ƙaramin sani ƙuƙumi ne,
na sa wa kaina, na zauna a jiƙe.

Mai gyara na farko ya ce sai bayan mako uku,
ƙanƙara ta fasa bututun rabin gari.
Na biyu ya zo, bai ko cire safar hannu ba,
ya leƙa, ya girgiza kai kamar mai gaisuwar mutuwa:
a fasa bango, a canja duka, fam ɗari shida.
Leƙen kaɗai fam tamanin, na biya.
Na uku ya ce yana hanya.
Har yau yana hanya.

Maƙwabcina Fergus ya rubuta min lamba
a bayan rasiɗin shagon kifi.
Rhona Cargill. Ta iso ruwa na zuba,
ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba a ce mata ba.
Ta koma titi, ta ɗaga wani ƙaramin murfin ƙarfe
da na taka sau dubu ban gan shi ba,
ta zura dogon mabuɗi, gida ya yi tsit.

Ta kwanta rigingine, kai a cikin kabad,
ta sassauta noti, ta naɗa farin zare,
tana ɗan fito a hankali.
Can fiton ya tsaya.
"Waye Murdo?"
Na ce ni ne.
"To, zo ka karɓi wasiƙarka."

Na sake durƙusawa. A bango, bayan bututu,
da fensir, da rubutun nan mai kwanciya gefe:
"Murdo, in ya yi ɗigo, ƙaramin notin ne.
Kwatar juyi kawai. Kada ka yi masa ƙarfi.
In ka riga ka yi, kira wani, kuma kada ka yi gardama."

Rhona ta miƙa min sifana, ta ce ni zan ƙarasa.
Na ɗora, na ja. Kwatar juyi.
Muka jira, ni da ita da tocila.
Wuyan tagulla ya bushe.

Fam arba'in ta karɓa, da shayi mai sukari biyu.

Da dare na kwanta, kunnena a buɗe,
babu mai ƙirga komai.
Na tashi, na sauka kicin ba takalmi,
na fitar da bokiti da tsumma daga gaban rubutun,
na bar ƙofar kabad a buɗe.