Rabin Ƙulli

Ranar Asabar, huɗu da rabi,
zafin Sakkwato ya ɗan saki wuyan gari,
sai ɗakinmu na Mabera ya cika da ƙananan ƙafafu:
nawa biyu, na maƙwabta biyar,
da wani mai wando ɗaya da ba a san ko na wane gida ba ne.
Na tada janareta da fetur ɗin aro.

Ga Tumba nan a cikin gilashi,
yarinyar zane, idanu kamar faifai,
da jar akuyarta mai tauna taswira.
Suna da rijiya a bayan makaranta,
suna da guga, da igiya mai ƙulle-ƙulle,
kowane ƙulli shekara ɗari.

Makon jiya ƙulli biyu suka sauka,
suka tarar ana kwaɓa ƙasa, ganuwa tana tashi,
akuya ta shanye wa magini furarsa.
Yau huɗu.
Raƙuma sun durƙusa da gishiri,
wani majemi, hannu duk bagaruwa,
yana duban akuyar Tumba da idon ciniki.
Yara suka miƙe tsaye: Gudu! Ke, gudu!

Inna Ige na can lungu tana tsinkar zogale.
Yana ta rufe mata ido, da kunne take kallo.
"Wagga ɗiya Kananci taka yi," in ji ta,
"mutanen da ba hakanga suka magana ba."
Ba wanda ya kula ta.

Sai janareta ta yi tari sau biyu, ta mutu.
Tumba ta maƙale tsakanin jiya da shekaranjiya,
ƙafa ɗaya cikin guga.
Gumi ya dawo. Aka ji ƙuda.

Hurera ce, autata, ta juya:
"Inna, in ke ce, ƙulli nawa za ki sauka?"

"Ni? Rabi.
Ko rabin ma bai cika ba.
Ba ni son ganin mai rawani, ba ni son ganin yaƙi.
Ku kai ni fadama, bakin Rima, wata Laraba.
Nomau na cikin albasa, laka har gwiwa,
ya kira ni in kawo mai ruwa.
Ni ko ina fushi,
kan wani abu da yanzu ko an yanka ni ban tuna shi.
Sai ni yi kamar ban jiya ba."

"Sai me ya faru, Inna?"

"Ba komi. Ya sha na gulbi da tafin hannu.
Mun ƙara shekara talatin tare,
bai taɓa tada maganar ba.
Ruwan dai nika son kai mishi."

Ta ci gaba da zogalenta.

Ni da na yi shekara sha tara ina koyar da tarihi,
alli ya ci mini yatsu,
na san shekarar fari, na san shekarar fara,
na san wa ya gaji wa, wace ƙofa aka fara ginawa,
amma wannan Larabar ta mahaifina
ba ta cikin manhaja.
A ɗaki ɗaya muke da ita, ban taɓa tambaya ba.

Da safe na fito alwala,
na iske igiyar shanya duk ƙulle-ƙulle.
Hurera a kan turmi, tana awo da taƙi,
tana neman inda rabi yake.
Can ta rataye moɗa, cike, tana ɗiga.

Uwarta ta ce in kwance, tana da wanki.
Na ce a bari tukuna.
Riguna sun bushe a tsakanin ƙarni da ƙarni,
moɗar kuwa ta wuni a wurin,
har la'asar tsuntsaye na sauka suna sha.