Allon Fuskoki

Shekara arba'in Baba yana fito a Mai Wurno,
daga wannan gaɓar Nilu zuwa waccan,
bai taɓa tambayar fasinja sunansa sau biyu ba.
Ko akuyar da aka ɗaure a gindin jirgi, ya san mai ita.

Yanzu sunaye sun zama tarwaɗa.
Ya kamo, ta sulɓe.
Ranar sunan jikar Siddiƙu ya tsaya bakin rumfa,
hannu a miƙe, baki a buɗe,
mutumin da suka ci kisra akushi ɗaya tun ƙuruciya
yana gabansa, sunan yana ƙasan ruwa.
Ya juyo gida. Ya ce rana ta yi zafi.
Daga ranar ya daina zuwa majalisa,
ɗan kofinsa na gahawa yana kife a kan tire.

Likita a Sinnar ya ce farkon abin ne.
Ba tsufa kaɗai ba ne, ba kuma sammu ba.
Ya ce, kada ku bar shi ya yi shiru.

Sai Mu'awiya ya aiko daga Bur Sudan
da wani allo mai haske, faɗin tafi biyu.
Babu lamba, babu tarin rubutu,
fuskoki ne tara, manya-manya.
Ka taɓa fuska, ta kira mai ita.
Amma kafin kira sai wata murya ta yi magana,
kuma muryar Baba ce.
Shi ya ɗauka da kansa, wata Laraba da hankalinsa ke garau,
ya kore ni daga ɗaki,
ya ce sirri ne tsakaninsa da gobe.

"Wannan Siddiƙu ne. Yana bin ka kuɗin koma,
kada ka tayar da zancen."
"Wannan Ummulhairi ce, ƙanwarka ta Kasala.
Bari ta gama faɗa, sannan ka tambayi ƙafarta."
"Wannan Jiɓo ne. Ya rasu. Ɗansa ke ɗauka.
Ka gaishe shi dai."

Na so in cire Jiɓo. Ya hana.
Ya ce jirgi ba ya sauke mutum a tsakiyar kogi.

An ɗauke wuta kwana shida,
muka riƙa kai allon shagon mai sola kamar majinyaci.
Wani lokaci sabis ya tsinke,
fuskar Ummulhairi ta daskare da baki a karkace,
Baba ya yi dariya har da tari.
Ba magani ba ne.
Shekaranjiya ma gishiri ya zuba a shayi,
ya nemi sandarsa tana hannunsa.
Amma bayan la'asar allon kan yi gyaran murya ya ce,
"Tashi, suna gindin dalbejiya."
Sai ya gyara rawani, ya bi fuskokin ɗaya-ɗaya
kamar mai ƙirga fasinja kafin a kwance igiya,
ya fita.

Daren jiya ina gefen gadonsa ina tsintar wake.
Ya dube ni, ya daɗe,
duban ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.
Ya sunkuya, ya taɓa fuskar ƙarshe.
"Wannan Sakina ce, auta. Ita ke ba ka magani.
Tana da zafin rai, naka ta ɗauko.
Ka ce mata sannu."

Waya ta yi ƙara a haɓar zanina.
Na ajiye faifai, na fita tsakar gida,
na tsaya bayan randa, na ɗauka.

Ya ce, Sakina, wai kina ina ne?
Na ce, ga ni nan tafe, Baba.
Ya ce, to yi sauri, akwai baƙuwa a ɗaki,
ba wanda ya ba ta ruwa.

Na cika moɗa.