Tsibirin Bakin Kabala

A tsakiyar kogin Kaduna, gangaren Kabala,
akwai ɗan tsibiri, bai kai filin ƙwallon yara ba.
Duwatsu uku, yashi, sai wata tsohuwar kanya
da ruwa ya tone wa saiwa, ta ƙi faɗuwa.

Kakata Lantana ta ce da can bukka bakwai ne a kai,
masunta, Gbagyi da Nufawa da namu,
taru kowa da nasa, gishiri kuwa na kowa.
Ƙamshin banda har tashar jirgin ƙasa yake kaiwa,
kadoji na shan hantsi a gaɓa
kamar tsofaffin da suka gama biyan haraji.
Sai wata damina ruwa ya shigo da tsakar dare,
ko sallama babu.
Da safe aka ƙirga kawuna, an cika,
ban da akuya ɗaya da turmin Inna Kande.
Tun ranar ba wanda ya sake kwana a can.

Gida ba ya zama kango in da mai fiffike.
Balbela ta fara tarewa, fara sol, kamar an sa mata bula.
Zalɓe ya biyo, yana tsaye a ruwa wuni guda,
sai ka ce mai bin bashi a ƙofar gida.
Kirinjijiya na feɗuwa tun kafin ladan.
Shamuwa baƙuwa ce, ba ta zuwa sai da labarin hadari.

Yanzu Jatau ke gadi, ba albashi, ba kaki.
Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙar Kakuri.
Da injuna suka yi shiru
ya sayi kwalekwale da kuɗin sallama,
ya kafa allo da jan fenti: A BAR ƘWAI.
Yara masu danƙo sun san muryarsa.
Masu haƙar yashi sun kai masa goro sau uku,
sau uku goron ya dawo a ƙullinsa.

Ya taɓa ƙetarawa da ni, bai bar ni na sauka ba.
Ya ce, "Duba daga nan, gidan wasu ne."
Na ƙirga sheƙa goma sha tara, wuyana ya gaji.

Da magariba ta yi, motoci sun cunkushe a gada,
balbelu suka riƙa dawowa, biyar, goma, babu iyaka,
har kanya ta yi fari fat.
Jatau ya ɗora filafili a gwiwa, ya daɗe bai yi magana ba.
Can ya ce, "Audugar da ta rage mini ke nan."