Mai Shirya Tebur

Jirginsu ya sauka Yamai da hantsi.
Karo na uku ke nan
ina jera kofuna tsakanin babbar riga da kaki.

Suka rufe ƙofa.
Ta ƙasanta nake tsintar magana:
wannan ya taya wata tara,
wancan ya ce albarka, sai shekara uku,
kamar cinikin rago a Turaku.

Tankari ya bugo daga Gaya,
albasarsa ta tsira cikin buhu,
gada har yau a rufe.

Da la'asar suka fito,
suka gaisa don mai hoto.
Wai sai bayan Salla.

Na kwashe kofuna.
Katin zaɓena yana aljihu,
gumi ya cinye rabin sunana.