Jirage Biyu a Tashar Bodø

Da sassafe muka tsaya bakin tasha, ni da Baba,
takardun jirage biyu a hannuna,
sanyi na cizon kunne kamar yana bin mu bashi.

Ga babban can, fari fat, hawa goma sha biyu,
unguwa guda aka ɗora bisa ruwa.
Da likita a ciki, da lif,
da tagar gilashi tun daga rufi har ƙasa,
kana kurɓar miya duwatsu na wucewa
iska ba ta ko shafi hancinka ba.
Na ce, Baba, wannan. Saboda gwiwarka.
Saboda tarin da ke tashin ka ƙarfe uku na dare.

Bai tanka ba.
Arnfinn ba ya gardama da baki.
Shekara arba'in yana jan taru a tekun nan,
gishiri ya cinye masa yawan magana.
Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙarshen gada,
inda wani ɗan shuɗi ke dukan katako da kafaɗa,
fentinsa ya ɓare, yana warin man gas da kifi,
gadon mutum talatin, in an matsa.

Na lissafa masa: matakala a tsaye take,
banɗaki ɗaya tak a kowane lungu,
in teku ta fusata har hanjinka sai ya sani.
Na ce kuɗin ma ya fi na babban,
ka ji abin haushi.
Ya ce, Tordis, tambayi giwar taki
ko za ta shige tsagin da aka haife ni.

Na tambaya. Yarinyar tikiti ta buɗe taswira,
ta bi bakin gaɓa da farcenta, ta girgiza kai.
Babban daga nesa yake gaisuwa.
Mashigin ya yi masa kaɗan, ruwan bai kai masa ba.

Kwana biyu ina amai cikin bokiti.
Shi kuwa yana waje, bargo biyu, hula har gira,
yana musu da mai dafa abinci, wani Eilif,
kan yadda ake shanya kifi a iska.
Rabon da in ji dariyarsa
tun kafin mu binne Mama.

Rana ta uku hazo ya sauko.
Ba dutse, ba gaɓa, ko hannunka da ƙyar.
Na ce a raina, shi ke nan, kuɗi sun bi ruwa,
mun zo har ƙofa an rufe mana labule.
Matuƙi ya rage wuta, muna rarrafe.

Sai Baba ya kama hannuna. Ya ce, saurara.
Ƙarar injin ta je ta dawo,
ta dama da sauri, ta hagu a makare.
Ya ce, wannan katangar dutsen ce,
bayanta magangarar ruwa, ba ta daskarewa duka,
gaba kaɗan rumfar jirgin kakanki,
in dusar ƙanƙara ba ta karya mata baya ba.
Yana faɗa, ina kallon fari.
Yana faɗa, har na fara gani.

Ba mu sauka ba. Babu ma inda za a sauka.
Minti ashirin, aka juya.

Da dare, a buɗaɗɗen ruwa, babban ya gifta mu,
fitilu hawa-hawa, kiɗa na tsallako teku.
Yatsuna sun mutu, cikina babu komai.
Ban ɓoye ba, na yi kwaɗayin ɗuminsa.
Baba ya bi shi da ido har ya shige duhu,
ya ce, baɗi, in da rai, mu hau naki.
Sannan ya yi tari mai tsawo,
ya nemi in ƙaro masa shayi.