Toka a Bakin Akurki

Kwana tara a Bolari ina ƙirga:
kaji shida, ƙwai biyu, wata ran babu.
Dutsen da na tokare ƙofa bai motsa ba.

Na zargi Hammadu ɗan Adda Dije,
don na gan shi bisa katanga.
Uwarsa ta gaishe ni a bakin famfo,
na amsa a daƙile.

Bappa Yero ya ce guza ne daga kwalbati.
Ni dai na tankaɗe tokar murhu,
na baza a bakin akurki,
na kwana da kunne ɗaya.

Da asuba, ba sawun yaro, ba jan wutsiya.
Na durƙusa na leƙa.
Wake-wake ce, wadda nake ba tsaki a tafin hannu,
tsaye kan ɓawo, gwaiduwa na ɗiga a bakinta,
ta karkace kai tana kallona.

Ranar Juma'a ta shiga tukunya.
Romo a langa, cinya biyu a sama,
na aika gidan Adda Dije, ba saƙo.

Langa ta dawo a wanke,
da ƙwan zabi uku a ciki.